Uwar Mai

Inna tana da shekara arba'in da huɗu ranar da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya tambaye ni ko kakata ce. Yana tsaye gaban kaskonta a bakin kwalta, nan Madawa, bakinsa cike da ƙosai. Na ce masa uwata ce. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce Allah shi ba da haƙuri, sai ka ce rasuwa na gaya masa. Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta juya ƙosai da matsami, ta ce in ƙara masa yaji.

Ban ga laifin direban ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Fatar fuskarta ta yi baƙi ta tattare kamar busasshen tumatir, idanunta kullum jajaye, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin kallabi. Hannuwanta kuwa sun ba ta shekara ashirin.

Ni ce ɗiyarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunya ce, kowa ya sani. In tana so na sai ta ce "ke", in akwai baƙi ta ce "waccan". Ba ta duba na ido da ido, ba ta yabo na, in na yi rashin lafiya takan tambayi bango ko an ba ni magani. Babanmu yana Abijan wajen biɗar kuɗi, yana zuwa shekara-shekara. Gidan a kan kaskon nan yake tsaye.

Kaskon kuma a kan uwar mai yake. Haka Inna ke kiran tsohon man da ba ta taɓa zubarwa. Da asuba takan zuba shi a kasko, baƙi ƙirin, mai kauri, sannan ta ƙara sabon man gyaɗa a kai daga bido, wato jarka. Da hantsi in ta gama, ta bar shi ya huce, ta tace da tsumma, ta mayar cikin wata tsohuwar langa, ta rufe da faifai. Gobe haka, jibi haka. Asalinsa daga Tamaske ya zo. Kakata, mahaifiyar Inna, suya take a kasuwar can, kuma ranar da aka kawo Inna gidan miji ta ɗibar mata ludayi biyu daga nata. Kakata ta rasu ina shekara shida. Ba mu da hotonta, zannuwanta an raba, gidanta kuma ruwa ya rushe shi.

Na taɓa yi wa Inna lissafi a bayan kaye, littafin rubutuna na makaranta. Na ce in kullum ana ƙara sabo a kan tsoho, bayan shekara ashirin da biyar ko ɗigo ɗaya na man Tamaske bai rage a langar nan ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambayi kaskon mi ya sa mutane ke wuce masu suya uku su zo wurinta.

A shekarar da nake ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, mushen, malamin da ke koya mana kimiyyar rai, ya shigo wata safiya da tsohuwar ƙusa da farin goro. Ya fasa goron, ya aje a kan tebur, ya ce mu sa masa ido. Ya ɗaga ƙusar ya tambaye mu mi ya ci ta. Muka ce tsatsa. Ya ce iska ce ta ci ta, tsatsa kawai abin da ta bari ne. Ya ce wannan iskar da muke shaƙa, oksijan, jiki na ƙona abinci da ita ya samu ƙarfi, kuma a cikin wannan ƙonawar wasu ƴan mitsi-mitsi ke kuɓucewa, ya rubuta sunansu a tabulo, allon aji, mu dai muka riƙa ce musu radiko. Kowannensu ya rasa abu guda da zai sa shi ya zauna lafiya, sai ya ƙwace na maƙwabcinsa.

Da ya ga ba mu gane ba, ya ce mu tuna ƙofar masallacin Juma'a. Mutum ɗaya ya fito bai ga takalminsa ba, sai ya saka na wani. Wancan ya fito, ya saka na wani. Haka har a kai kan wanda zai tafi gida ba takalmi. Ya ce a cikin jiki wanda ke tafiya gida ba takalmi shi ne fata, da ido, da jijiyoyin jini. Jiki yana da masu gadinsa, ganye da ƴaƴan itace suna taimaka musu, amma ɓarnar da ta tsere musu tana taruwa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Kafin a kaɗa ƙararrawa goron ya yi ja-ja-ja a inda aka fasa shi.

Ya lissafa abubuwan da ke ƙara yawan radiko: zafin rana, hayaƙi, taba, da man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi. Daga nan na daina rubutu. Na san ya ci gaba da magana. Daga baya wadda muke zama benci ɗaya ta nuna mini kayenta, inda ya ce wannan wani yanki ne kawai na bayanin tsufa, masana ma ba su gama gardama a kai ba, akwai gado, akwai haihuwa, akwai wahala da yunwa da cuta. Ni shafina a kan kalmar "baƙi" ya tsaya, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Na fara da lalama, gwargwadon yadda na iya lalama. Na kawo mata gwaba da lemu, na yi mata kwaɗon zogale kwana uku a jere. Ta ci, ta ce tana cin zogale tun ban yi haƙori ba. Na zauna kusa da ita tana surfa wake, na yi mata bayanin ƙusa da goro da takalman masallaci. Na ce man nan ne ke sa mata tsatsa a jiki, tana shaƙar hayaƙinsa, tana cin abin da ya soya, tana ba mutane.

Ta ce, "Ni kwanon rufi ce?"

Na ce in ta ci gaba haka ba za ta kai sittin ba. Ta ce wanda ya rubuta mata kwana bai nemi shawarar mushe ba. Ta miƙo mini turmi.

Na jira wata biyu. A wurina wannan haƙuri ne mai yawa. Wata Alhamis bayan azahar ta tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa. Na ɗauki langar na zagaya bayan ɗaki, na tona rami da hauya, na juye uwar mai a ciki, na rufe da ƙasa, na taka. Na wanke langar da toka da sabulu har sau uku, sai da na ga ashe akwai zanen fure a gindinta. Na cika ta da sabon mai, garau, kana ganin fuskarka. Na mayar da faifan. Ina jin kaina kamar lokotoron asibiti da ya gama aiki.

Da ta dawo, kafin ta cire mayafi ta ɗaga faifan, kamar yadda take yi kullum. Ta daɗe tana kallo.

"Ina take?"

Na nuna mata wurin. Ta je ta durƙusa, ta tona da yatsa, ta ɗebo ƙasar da ta jiƙe ta shinshina. Tururuwa sun riga sun taru. Ta mayar da ƙasar a hankali, ta shafe saman da tafin hannu, ta tashi ta wanke hannu, ta yi sallar la'asar. Na shirya amsoshi kusan goma, ba ta tambaye ni ko ɗaya ba.

Sai da na yi kwana huɗu kafin na tabbatar ta daina yi mini magana, don dama can maganar ba ta da yawa. Abin da ya tona shi ne "ke" ta ɓace. Saƙonni suka koma hannun akuyarmu. Inna takan tsaya gaban turke ta gaya wa akuya cewa randa ba ruwa, ko kuma akwai masu ilimi a gidan nan da ba su san an bar tsintsiya a tsakar gida ba. Ni kuma in tashi in yi. Akuyar ta yi ta tuƙa.

Washegarin zubarwar ta fita suya kamar kullum. Ƙosan ya fito fari-fari, kamar wanda ya yi jinya. Mai facin taya da ke gefenta, wanda ya shekara goma sha yana karyawa a wurinta, ya ci ɗaya ya tambaya ko baƙuwa ce ta yi ƙullun yau. Wani ya ce gishiri ne, wani ya ce waken bana ne. Sun saya, ba wanda ya mayar. Ni na ɗanɗana, na ce ya fi tsafta. Ba wanda ya tambaye ni.

Ta yi kwana uku a haka. Rana ta huɗu ta tashi da asuba, ta wanke waken da ta jiƙa, ta tsaya a kansa, sannan ta juye wa akuya. Ba ta fita ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hantsi ya iske Inna a gida ba sai in haihuwa ta yi.

Ta zauna a inuwar bango, hannu a kan gwiwa. Ba rana, ba hayaƙi, ba baƙin mai. Bisa ga kayena ya kamata a ce ta fara komawa yarinya. Cikin mako ɗaya kumatunta suka faɗa, tafiyarta ta koma ta masu jan ƙafa, ta fara barin tuwo a kwano. Maƙwabta suna shigowa suna tambaya ko jiki ne, ta ce lafiya lau. Mai faci ya aiko a tambaya ko an yi rasuwa. Na duba kayen na sake dubawa, ban ga inda aka yi maganar wannan ba.

Ranar Juma'a Baba ya kira waya daga Abijan. Na fita waje na gaya masa, na fara da radiko don ya fahimci dalili. Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya tambaya ko uwar nake nufi, ta Tamaske. Na ce ita. Ya ce shi bai yi lekwal ba, bai san boko ba, amma ko shi da yake maigida bai taɓa ɗaga faifan nan ba. Sannan ya ce in ban manta ba Inna tana da ƙanwa a Sabon Gida, kuma ita ma ba hannu sake aka kai ta ɗaki ba.

Asabar da sassafe na gaya wa akuya cewa zan je Sabon Gida. Na ɗauki wata kwalba, na hau kabu-kabu.

Inna Ƙarama, haka muke kiranta, shekara uku kacal Inna ta ba ta. Na iske ta tana suya ƙarƙashin wata babbar itaciyar bedi kusa da kasuwa, ta juya wa iska baya, hayaƙi na tafiya gaba. Na yi shekara biyu ban gan ta ba, kuma da sabon idona na lise na tsaya ina duba ta. Fuska sumul, kumatu cike, furfura sai ka nema. Sana'a ɗaya, man gida ɗaya. Raina ya ɓaci, don na zo da bayani kuma fuskarta ta ɓata mini shi tun ban buɗe baki ba.

Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni ba tare da kwana-kwana ba. Ta aje matsami, ta sa na maimaita. Sannan ta kira matar da ke sayar da kunu a gefe, ta sa na sake maimaitawa don ita ma ta ji. Mai kunu ta ce boko dai bai yi ba. Inna Ƙarama ta ce a'a, boko ya yi, ai ga shi har rami ya iya tonawa.

Na ce duk da haka maganata gaskiya ce, tsohon mai yana da illa, kuma Inna ta tsufa fiye da shekarunta, kowa na gani.

Ta ce, "Ɗiyata, ba mai ya tsufar da Yaya ba. Ke kika fara, sauran takwas suka ida."

Ta lissafa mini da yatsu masu maiƙo: ciki tara, uku a ƙasa, miji a bakin teku, kasko a tsakiyar rana ba ko rumfa don kada kamiyo su wuce ba su gan ta ba. Ita kuwa biyu Allah ya ba ta, mijinta yana garkar albasa, da yamma yana gida. Wannan shi ne sauran shafin da ban rubuta ba, sai dai ita ba ta buƙaci tabulo ba.

Na miƙa mata kwalbar. Ta ƙi karɓa. Ta ce uwar mai ba a ba wanda bai soya da ita ba, haka tsohuwa, wato kakata, ta yi musu, ita da Yaya sai da kowacce ta yi kasko guda a gabanta. Ta tashi daga kujerar ta ce in zauna.

Ban taɓa suya ba. Inna ba ta taɓa bari na ba, tana cewa hannun kaye daban. Na ɗebo ƙullu na saka daga sama, mai ya yi tsalle ya same ni a wuyan hannu. Inna Ƙarama ta ce madalla, uwar mai ta gaishe ni. Ta nuna mini a kawo hannu kusa, a saki a hankali. Ƙosaina ya fito wani kamar kwaɗo, wani kamar taswirar ƙasa. Mai kunu ta ci biyu ta ce ta taɓa cin wanda ya fi shi muni, amma a gidan makoki.

Da aka tashi na taya ta kai kaya gida, a nan na ga abin da ban zata ba. Da man ya huce ta tace shi, ta ɗebi ludayi biyu kawai daga sama ta zuba a wata ƙaramar kwalba mai murfi, ta ɗaure bakin da tsumma, ta tura ta ƙarƙashin gado inda ba haske. Ragowar baƙin na ƙasa ta zuba a gwangwani, ta ce na hura wuta ne. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce tsohuwa mana. A tandu take aje nata, na fata, mai toshi, ludayi biyu ba ƙari, tana cewa mai in ya sha iska da rana tsufa yake yi. Ta ce Yaya ma haka take yi da farko, har tandunta ya fashe shekarar da aka yi mata rashi na biyu, ta koma langa, daga nan kuma ba ta ƙara iya zubar da komi ba.

Kakata ba ta taɓa ganin ƙofar lekwal ba. Na tsaya a tsakar ɗakin ina hura wuyan hannuna.

Ta raba nata biyu, ta zuba mini ludayi ɗaya. Ta ce in gaya wa Yaya ba kyauta ba ce, aro ne, in tata ta yi ƙarfi ta mayar. Na naɗe kwalbar a gefen zane, na riƙe ta a ciki da hannu biyu har Madawa. Mai kabu-kabu ya tambaya ko magani ne, na ce ya dubi hanya.

Na iske Inna inda na bar ta. Na aje kwalbar a gabanta kawai, don ban iya ba da haƙuri ba, har yau ban iya sosai ba. Ta kwance tsumman, ta buɗe, ta shinshina. Ta tsoma ɗan yatsa ta taɓa a harshe. Ta rufe ido kaɗan. Sannan ta ce wa akuya wannan yarinyar ta Sabon Gida har yanzu ba ta barin wuta ta kama sosai, tun tana ƙarama haka take. Idonta ya sauka kan ƙunar da ke hannuna, ya daɗe a wurin fiye da yadda ya taɓa daɗewa a kaina.

"Ke. Jiƙa wake."

Ina jiƙawa na ce, ba tare da na juyo ba, Inna Ƙarama ta ce tsohuwa ludayi biyu take ajewa, a rufe, a cikin duhu, sauran na wuta ne. Ban ambaci mushe ba. Inna ta ce ta sani, ai ita aka fara koya wa.

Washegari ta fita. Ƙosan bai dawo daidai ba sai bayan kusan sati uku, mai faci ne ya sanar da ranar. Langar ta koma ta zuba gishiri. Ba mu taɓa yin maganar ba, amma kwalbar tana ƙarƙashin gadonta, kuma akwai gwangwanin baƙin mai kusa da murhu. Rumfa kuwa ni na kafa ta da itace huɗu da buhunan albasa, ta ce za ta kare ta daga kamiyo, na ce kamiyo suna da hanci. Ta bar ta. Jarrabawar Bak ban samu ba a shekarar, sai a ta biyu.

Yanzu tana da hamsin da ɗaya. Ba ta koma yarinya ba. Abin da zan iya cewa shi ne fuskarta ta tsaya inda take, shekarun ne ke tahowa suna cim mata. Ko rumfar ce, ko man, ko don ta daina haihuwa, ban sani ba, kuma na daina ja wa abu layi biyu.

Da zan koma Tawa da zama ta tura mini ƙaramar kwalba ta uwar mai cikin kaya, a can na gan ta. Ni ba mai suya ba ce, kuma na san abin da ke cikin kwalbar nan, zan iya zana shi a tabulo. Amma in aka bar ta ba a ƙara mata sabo lalacewa take, saboda haka duk Juma'a nakan jiƙa wake gwangwani ɗaya in soya, in tace, in rufe da sauri. In Inna ta kira waya ba ta tambayar lafiyata. Takan tambaya ko ana ciyar da uwar mai. In ce ana ciyarwa. Ta ce to, a gaida mutanen gidan, ta kashe.